Hancin Lojza, Maƙogwaron Lumír

Lumír Vydra mai share bututun hayaƙi ne, sana'ar da ya gada wurin ubansa, kuma a garinmu duk wanda ya yi kiciɓis da shi da safe sai ya kama maɓallin tasa rigar don ya samu sa'a. Ni tun muna firamare nake haɗuwa da shi, ban ga abin da hakan ya tsinana mini ba. Sa'ar duk a jikinsa ta maƙale. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan rufin gidajen mutane bai taɓa ko gurɗewa ba, ya auri Jarmila wadda ni na fara ganinta, ya ajiye aiki da haƙoransa cas da cikinsa lafiya lau. Ni kuwa Lojza, mai gyaran injin wanki, watan da na yi ritaya likita ta duba hantata ta ce in na ƙara kurɓar giya to in yi sallama da iyalina.

Da Lumír ya tashi daga ciwon korona sai ya tsiro da wata sabuwa. Wai kafin ya cika saba'in sai ya ɗanɗana giyar kowane ƙaramin gidan dafa giya da ke lardin Vysočina, irin waɗanda samari masu gemu ke buɗewa a tsofaffin garken shanu, ya kuma riƙa rubuta ra'ayinsa a jaridar gunduma. Mutumin da tun tasowarsa giya ɗaya yake sha a teburi ɗaya. Ba shi da mota, direba kuma ko ɗigo ya sha ya rabu da lasisinsa, don haka ya nufo gidana.

"Kai Allah ya yi wa aikin nan," ya ce. "Ga mota, ga matacciyar hanta. Me ka rasa?"

"Kai ne dai ka rasa kunya, tsohon banza."

Amma na ɗauko makulli, don zaman gida ya ishe ni.

Kowace Asabar muna hanya. Mu isa, a kawo masa kofi cike, kumfa ta yi tozo a kai, ni a dire mini ruwan lemo kamar ɗan yaye. Kafin ya kai baki sai ya turo mini kofin.

"Shinshina, mutumina, kar ka tashi a tutar babu."

In shinshina, yawuna ya tsinke, bakina kuma ba ya iya shiru. In ce wannan zuma-zuma take, da ɗan ƙanzo a ƙasa. Waccan ɓawon lemo ne da sabuwar ciyawa. Wata kuwa sun yi gaggawa, tana warin dafaffen kabeji. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga kofi, in zauna ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ranar Alhamis in buɗe jarida in tarar da zumata da ƙanzona da kabejina, kalma bayan kalma, ƙarƙashin hotonsa yana murmushi.

Kafin shekara ta zagayo ya yi suna. A shagon burodi mata suna tambayarsa wacce za su saya wa surukinsu. Samarin masu gemu suna fitowa har bakin ƙofa da gudu, Baba Vydra ya zo, Baba Vydra ga riga, Baba Vydra zo mu yi hoto. Wani ya taɓa nuna ni ya ce wannan fa, Lumír ya ce, "Direbana ne." Na kwana uku maganar tana ci na. Kishi nake, ba wani suna da zan sa masa. Ina kishin giyar, ina kishin rigunan, amma abin da ya fi ƙona mini rai maganata ce da ke yawo a gari da sunan wani.

Na tare shi sau ɗaya. "Ka sa sunana mana, ko a ƙasan shafi."

"Zan sa, zan sa," ya ce, yana kallon taga. Bai sa ba.

Da kaka wasu samari suka buɗe nasu gidan a tsohon injin niƙa na bakin kogi. Suka dafa baƙar giya suka raɗa mata Mai Share Hayaƙi don girmama shi, suka gayyace shi ya buɗe gangar giyar ta farko. Rana tsaka, fili cike, masu busa suna busa, ana gasa alade. Lumír cikin baƙaƙen kayan aikinsa masu farin maɓalli ya ɗaga guduman katako ya buga famfo a jikin gangar, giya ta feso, aka tafa. Aka cika kofin farko aka ba shi, mai gidan giyar ya kara masa abin magana a baki.

"Bari direbana ya shinshina albarka tukun," ya ce, ya tako har inda nake tsaye.

Na karɓa na shinshina. A duk yawonmu ban taɓa jin kamarta ba, har idona ya kawo ruwa. Na miƙa masa kayansa.

"Sha abinka, gwani."

"Lojza," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

Na harɗe hannu na kalli masu busa. Ya koma tsakiyar fili ya sha rabi, ya goge kumfa a gashin bakinsa, ya tsaya.

"Tana da sanyi," ya ce.

Aka kwashe da dariya, an ɗauka zolaya ce, aka jira sauran. Ya ƙara kurɓa.

"Kuma baƙa ce."

Dariyar ta ragu. Mai gidan ya janye abin maganarsa ya yi wa masu busa alama, suka rufe zancen da kiɗa. Na ji daɗi har cikin raina.

A hanyar komawa gida muka iso mahaɗar jirgin ƙasa muka tarar an sauke shinge. Na ja birki muna jira.

"Tun ciwon nan hancina ya mutu," ya ce, bai dube ni ba. "Giya, miya, gahawa, duk ruwa ne, wani da zafi wani da sanyi. Na ce ko in na zaga, wata za ta tashe shi."

"Jarmila ta sani?"

"Kullum yaba girkinta nake."

"Ni fa? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Don ka ji tausayina? Gara ka ji haushina. Da na sa sunanka, kowa ya gane, kai ma ka gane. Duk Asabar ina kallon fuskarka in ka sa hanci a kofi, kamar in shaƙe ka. Kai ke shan giyar, malam. Ni fitsari kawai nake kwasowa."

"Ai ta maƙogwaronka take bi."

"Zo mu yi musaya."

Ni kaina ban san ko zan yarda ba. Jirgi ya wuce, aka ɗage shinge, na bayanmu ya danna ham.

"To yaya baƙar giyar take?" ya ce. "Ba don jarida ba. Sunana ne a jikinta, in san ko mece ce."

Na tsallake layin dogo na gangara gefen hanya na kashe mota. Na faɗa masa a hankali: gasasshen sha'ir da farko, sai busasshen ɗan itace irin wanda uwarsa ke shanyawa a bayan murhu, can ƙarshe hayaƙin itace siriri, na bututun da aka share jiya. Ya rufe ido yana saurare, yana haɗiyar yawu. Da na gama ya daɗe bai buɗe ba.

"Ɗan banza," ya ce. "Ka more."