Malam Sumaila, Tafintan Motar Majigi

Da an idar da la'asar za ka tarar da Malam Sumaila a gindin motar majigi, yana goge gilashin na'ura yana duba zaren fim. Shekararsa goma sha ɗaya a haka, kuma ƙarshen watan nan na 1958 zai ajiye aiki.

Finafinan da ake ba shi ba na ban dariya ba ne. Labarin ƙasashen Turai ne da suka gama yaƙi suka koma ciniki da juna, ga jiragen ruwa, ga ƙarfe da alkama, duk da Turanci. Shi ke riƙe lasifika yana juyawa Hausa. In Baturen cikin fim ya ce an sassauta kan iyaka, sai Malam ya hango wani falken shanu cikin 'yan kallo ya ce, "Boukari, ka ji? Kamar shanunka su sauko daga ƙasar Mosi ba mai tare su!" Fili ya ɗauki dariya, kowa kuma ya gane.

Mutanen unguwar Asawase ba su manta da wata magariba ba. Ana nuna yadda ake sauke kokon ƙasarmu, wanda ake yin cakulan da shi, a wata tashar jiragen ruwa ta Turai, sai Mma Hajo mai koko da ƙosai ta hango wani cikin masu sauke kayan, ta zabura tana ihu: "Mamudu ne! Ɗana ne!" Shekara takwas ke nan da ya bi jirgi, ba labari.

Dokar ofishin da yake yi wa aiki ta hana mai da fim baya. Direba ya ce, "Malam, za su kore ka fa."

Ya ce, "Su kora. Mma, matso kusa."

Sau uku ya maimaita wurin, tana shafa farin ƙyallen da ake haska fim ɗin tana kuka. Ya kwafe sunan jirgin, ya yi ta aika wasiƙu yana cigiyar Mamudu. Ofis ya dakatar da shi wata guda, bai fasa ba. A wata na bakwai amsa ta zo, da hannun Mamudu.

Malam, kai ne bakin waɗanda ba su jin Turanci. An aiko ka ka nuna mana cinikin manyan ƙasashe, ka yi, amma ba ka taɓa ɗauke ido daga masu zama kan tabarma ba.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Wanda zai karɓi lasifikar nan, ya je ya gaishe ka kafin ya kunna ta.