Ramin da na yi a bangon Mma

Ƙura tana lafawa, sai na ga akuyar maƙwabcinmu tana kallona ta cikin bangon ɗakin Mma, mahaifiyata, a unguwarmu ta Kukuo.

Katakon ajiye magunguna kawai na zo kafa mata. Sati uku na yi ina bincike kafin in sayi injin huda bango mai batir. Na gwada nauyi, na kwatanta farashi, na karanta ra'ayoyin masu saye. Na zaɓi mai araha, wanda yake juyawa yana duka kamar guduma, don an ce siminti sai da duka.

Na manta gidanmu na laka ne. Simintin shafe ne kawai, bai kai kaurin yatsa ba. Ina danna injin, bango ya rufta, rami ya kai faɗin faranti. Ga hadari ya haɗo daga gabas, ga gadonta a ƙarƙashin ramin.

Mma ta shigo, ta dubi ramin, ta dube ni.

"Malam ɗan jarida, taga na ce ka yi mini?"

"Mma, injin ne ya fi ƙarfin bangon."

"Babanka da ƙusa da dutse ya rataye duk abin da ke ɗakin nan. A nan aka haife ka, amma ba ka san da me aka gina shi ba?"

Na tuɓe riga, na kwaɓa laka, na toshe ramin kafin ruwa ya sauko.

Na san cikin injin da aka ƙera a wata nahiya, ban san bangon da na girma ina jingina da shi ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya yi magana, kada ku bar ni ni kaɗai.