Igiyar Auta

Duk layin an san Mai Guga da abu biyu: karin wando da gudun safe. Gudun ma ba don kansa yake yi ba. Tun da ciwo ya tafi da idon ƙanensa Auta, shi ke ɗaura 'yar igiya a wuyan hannu, ɗaya bakin a hannun Auta, su zagaya titin bayan kasuwa kafin motoci su fito. Aikin mai riƙe igiya kuwa a baki yake. "Rami a gabanka. Matso dama. Ga tudu." Shekara da shekaru yana gudu yana surutu, mutumin da a gida sai matarsa ta yi da gaske take jin muryarsa.

Sai ciwon huhu ya kayar da shi. Ya dawo daga asibiti a rame, har sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda. Likita ya ce ya nisanci hayaƙin gawayi, kamar bai ji sana'ar da aka faɗa masa ba. Auta bai taɓa tambayar yaushe za su koma ba. Kullum da safe dai sai ya sa takalmin gudunsa, ya zauna a bakin ƙofa. Wannan zaman ya fi tarin cin ran Mai Guga.

Mai Guga ya fara fita shi kaɗai. Ya je turken wuta ya dawo, ya dafa bango yana tari har hawaye su zubo, sannan ya shiga shago ya hura gawayi. Gajiya ta zame masa riga. A hankali ƙafafu suka dawo, ya ga yana kai ƙarshen titi bai tsaya ba, ya ce ai ya warke. Ya manta cewa duk wannan gudun da baki rufe ya yi shi.

Ran da suka fita tare, Auta har da 'yar waƙa. Sun kai wajen masu walda sai numfashi ya fara yi wa Mai Guga gardama. Ya hango murfin kwata a karye, ya buɗe baki, tari ne ya fito. Igiyar ta fizge shi, Auta ya kife.

"Ba komai, Yaya," in ji Auta, yana laluben gwiwarsa da ke jini. "Ni ne ban ɗaga ƙafa ba."

Mai Guga ya san ƙarya ce, kuma ta fi zagi zafi. Da yamma ya kai igiyar wurin maƙwabcinsu bakanike, mai buga ƙwallo, ya roƙe shi ya riƙa fita da Auta.

"Ka faɗa tun kafin ku iso, ba sai kun iso ba," ya ce masa. "Kuma kada ka ja shi, ba ya so."

Washegari ya bar su suka yi nisa, sannan ya bi bayansu a sace, yana danne tari, yana jin wani na faɗin kalmominsa a makare. Bai so Auta ya san yana nan ba.

A daidai wajen masu walda Auta ya rage gudu, bai ko juyo ba.

"Yaya, koma gida," ya ce. "Tun daga ƙofa nake jin ƙirjinka."