Farfesun da Malama Ta Ƙi Ci

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta da ƙarfe goma sha biyu na ranar wata Juma'a ba. Na riƙe lokacin daidai ne saboda a wannan sa'ar Malamarmu take buga guntun ƙarfen dogo da ta rataye a rumfa, ta durƙusa ta yi addu'arta, mu kuma mu kife alluna mu yi tsit. Ƙarar ƙarfen ba ta gama mutuwa ba na hango kakata tafe da akushi a kafaɗa.

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Gusau ba. Malama 'yar Katolika ce daga kudu, ta biyo ɗanta mai aiki a tasha don ta yi renon jikokinta. Da ta ga 'ya'yan ma'aikata suna gararamba, sai ta sa aka kafa mata rumfar zana, ta tara su tana koya musu karatu da rubutu. Babana mai gadi ne a tashar, shi ya kai ni, don ya ga ba ni da aiki sai zane-zane a ƙasa da tsinke. Ni ce mai zama a ƙarshen tabarma, wadda sai an tambaye ta sau biyu kafin a ji muryarta.

Da yake Malama ba ta karɓar komai, Innata ta ɗauki aika mata farfesu duk Juma'a, ranar da aka saba yin alheri. Abin da ba a sani ba a gidanmu shi ne, a addinin su Malama ba a cin nama ran Juma'a. Ranar farko ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Da ta so, da ta ɗumama ta ajiye har gobe, amma sai ta dubi siririn wuyana, ta zaunar da ni bayan rumfa ta ce, "Ke ci. Kin rame kamar kara." Na ci. Na so in faɗa a gida, kunya ta hana ni. Kullum in wanke akushi tas, in goge baki sau biyu, Inna ta ce, "Matar nan tana son girkina!" ni kuwa in sunkuyar da kai.

Ana haka kakata ta zo daga Bilbis. Dama ba son karatun take ba, ga shi ta jiyo a bakin rijiya wai baƙin nan ƙyamar abincinmu suke, zubarwa suke yi. A gabana ta ce wa Baba, "Ni za ni kai da hannuna. In ta ci, ɗiya ta zamna. In ba ta ci ba, da ita zan koma, ta koyi kaɗi." Baba bai iya musu da uwarsa.

Ran Juma'ar nan Kaka ta tsaya har Malama ta shafa addu'a, tana ta kallon carbin hannunta. Bayan gaisuwa ta buɗe akushi ta tura.

"Bismilla."

"Na gode, Iya. Anjima."

"A'a, yanzu dai, da zafinsa."

Na rarrafa kusa da Malama na raɗa mata cewa ko loma ɗaya ta ci, in ba haka ba tafiya da ni za a yi. Ta dubi naman, ta dube ni, har na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta mayar da murfin a hankali.

"Iya, ki yi haƙuri. Yau Juma'a. Tun ina yarinya na yi wa Allah wannan alkawari."

"To waɗanda aka yi ta aikowa fa? Mi kika yi da su?"

Malama dai ƙarya ba ta iya ba, tona ni kuma ba za ta yi ba. Kaka ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ke, tashi mu tai."

Ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. "Ni nake cinyewa!" na ce. "Juma'a goma sha ɗaya. Sau ɗaya ne kawai ban tauna ƙashin ba, ranar ina ciwon haƙori."

Rumfa ta ɗauki dariya. Kaka ta kama kumatuna ta ja. "Lalle! Ni ko na ce wanga kumatu ba na tuwon ɗana ba ne. Shiru-shiru ashe gafiya ce!"

Ta koma ta zauna ta shiga titsiye Malama kamar alƙali. Kifi fa? Tana ci. Wake? Tana ci. Ran Asabar nama ya halatta? Ƙwarai. Sau biyu Malama tana tambaya ko zan dawo, Kaka ta yi kamar ba ta ji ba.

Malama ta ci gaba da koyarwa a rumfar nan har idonta ya daina ganin allo, sannan ta koma gyara mana karatu da kunne. Da carbinta a hannu ta rasu, jikokinta kewaye da ita. Ni da na tsufa ina koyar da 'ya'yan wasu, na gane cewa da ta ci lomar nan don ta faranta mana, da ba ta zama macen da ake ba amanar yaro ba. Kakata ta riga ni gane haka, domin a karo na uku da Malama ta ce, "Iya, yarinyar za ta dawo?" sai ta juyo daga bakin rumfa ta ce:

"Macen da ba ta saɓa wa Ubangijinta ba don farfesuna, ba za ta cuci jikata ba. Ta dawo. Amma daga yau ran Asabar za a riƙa kawowa, kuma ba gafiyar ga za a aika ba."