Matsarmamar da ba a samu tsakuwa a cikinta ba

'Yata ta biyu tana da shekara tara lokacin. Ta yi hutun damina gidan mahaifiyata a Hayin Banki, ta dawo mana Malali da zazzaɓi. Na saya mata maganin cizon sauro, na ci gaba da zuwa ofis.

Kwana takwas zazzaɓin bai sauka ba. Ta daina cin abinci, ruwa ma sai an matsa mata. Sai kuma ta daina magana. Wata rana da azahar na dawo na tarar da ita kwance a tsakiyar falo, idonta a buɗe, hannunta dafe da ƙasan haƙarƙarinta na dama. Ba ta kuka, ba ta motsi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ga ƙirjinta ya ɗaga.

A asibiti likitar yara, wata dattijuwa, ta sa yatsu a wurin ta ce, “Ja numfashi, 'yata.” Yarinyar ta fara ja, numfashin ya tsinke a tsakiya kamar an kama shi daga ciki.

Aka yi mata hoton ciki. Mai ɗaukar hoton ya nuna mana wata baƙar jaka, kumburarriya, bangonta ya yi kauri.

“Matsarmamarta ce,” in ji shi. “Amma babu tsakuwa ko ɗaya.”

Mahaifiyata, wadda aka taɓa cire wa tsakuwa daga matsarmama, ta matso kusa da allon. “To idan babu tsakuwa, me ke ciki?” Ya ci gaba da goge na'urarsa. Na ga leɓenta ya fara motsi da addu'a.

Likitar ce ta zaunar da mu bayan gwajin jini ya fito. Taifot ne, ta ce. A yara ba sai da tsakuwa ba. Ƙwayar cutar kan kai can, ciwon hanta mai sa shawara ma yakan yi haka. Kuma idan yaro ya daɗe bai ci ba, jikinsa ya bushe, ruwan ɗacin yakan kwanta ya yi kauri, jakar ta kumbura.

“Hajiya, wane ruwa kuke sha a gida?”

“Rijiyarmu ce,” in ji mahaifiyata. Can ta ƙara da cewa ramin masai na maƙwabta ya cika ya tumbatsa da aka yi ruwan nan mai yawa. A cikin satin ta sa aka rufe rijiyar.

Ba a yi mata aiki ba. Ƙarin ruwa da allurai aka yi ta yi. Ina zaune gefen gadonta kullum, tana kallona, bakinta a rufe.

Rana ta shida da hantsi ta nemi kunu. Ta sha rabin kofi, ta dube ni da fushi.

“Mama, me ya sa kika ƙi amsa mini?”

“Yaushe?”

“Kullum. Ina ta kiranki, ina ce miki da ciwo, kina kallona kawai.”

Na karɓi kofin na ajiye. Na ce ta yi haƙuri, ban ji ba.