Kunnen Yaya Isaka

Shekara takwas ke nan a wannan watan da muka kai yayana Isaka makwancinsa. Har yanzu in na bi ta gaban shagonsa a unguwar Maamobi nakan rage sauri, duk da cewa rigunan waya da caja ake sayarwa a ciki.

Sana'arsa sayar da kayan sauti na hannu ce, waɗanda ake saukewa daga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema: sifiku masu jikin katako da sai mutum biyu sun kama, amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, da injin faifai. Ba kayan gidan biki ba ne, irin waɗanda mai hali ke ajiyewa a falo ne ya zauna ya saurara. Daga unguwannin Kanda da Kokomlemle masu saye suke zuwa. Yaya bai yi nisa a boko ba, amma in ya kunna kaya ya rufe ido, zai gaya maka wace sifika aka taɓa buɗewa aka yi wa faci. Kuma ba ya sallamar kowa sai ya zaunar da shi a benci ya ji da kansa.

Kunnen nan ne ya fara tafiya. A gida mun lura yana ƙure rediyo, yana sa matarsa ta maimaita magana, amma ba wanda ya iya faɗa masa. Ni da nake ɗinki a shagon da ke jikin nasa, ni ma na yi shiru.

Wata Asabar wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana sayayya a wurinsa, ya dawo da sifiku biyu a tasi. Cikin ladabi ya ce ta hagun tana ziza. Yaya ya haɗa, ya kunna, ya rufe ido, ya ce lafiyarta ƙalau. Ni kuwa daga bakin ƙofa ina jin zizar sarai. Ya juyo ya dube ni.

"Tanko, don Allah gaya mini gaskiya. Kana ji?"

"Ina ji, Yaya."

Bai yi musu ba. Ya ba dattijon haƙuri, ya canza masa da mafi kyawun da ke shagon. Na ce zan riƙa saurara masa kaya, ya ce ba zai sayar wa mutum abin da shi bai ji ba. Kafin azumi ya zagayo ya rufe shagon. A asibiti aka ba shi na'urar kunne, ya sa ta kwana biyu ya cire, wai tana mayar da muryar mutane kamar daga cikin gwangwani. Shekara biyu ya yi yana zaman ƙofar gida, ba ya shiga hira, har hawan jini ya kwantar da shi. Sauran kayan da muka jibge a ɗaki, ruwa ya shigo wata damina ya ruɓar da su, muka kira 'yan gwangwan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. 'Ya'yansa a waya suke jin waƙa da karatun Alƙur'ani, ko a wata 'yar sifika da ba ta fi kofin shayi ba, kuma sun gamsu. Ba na jin zai yi faɗa. Zai dai ce su zauna wuri ɗaya in za su saurara, abin da ba mai lokacinsa yanzu.

Me ya rage nasa? Ba shago, ba kaya, ba wanda ya gaji sana'ar. Amma watan jiya wani mutum daga Kawukudi ya shigo shagona rungume da amfilifaya, yana haki, yana neman Isaka. Ya ce tun kafin ya yi aure ya saye ta a hannunsa, sai yanzu ta fara tari. Bai san ya rasu ba. Da na gaya masa, ya ajiye ta a ƙasa, muka yi wa Yaya addu'a tare. Sannan ya tambaye ni wa zai kai wa wanda ba zai cuce shi ba. Na daɗe ina tunani, ban sami suna ko ɗaya ba.

"To zan bar ta haka," in ji shi. Na kama masa muka kai ta bakin titi inda zai sami mota.