Wayar da aka ce in cire

Tun shekarar da muka gudo daga Mubi abin nan yake cin raina.

Jiya wani Alhaji a Jimeta ya kira ni in sa masa hitar ruwan wanka. Da ya ji kuɗin ya ce, "Baba, cire wayar da ake binnewa a ƙasa mana, mu samu sauƙi."

Na ce, "Alhaji, ni da na koyar da lantarki, yunwa ta taɓa sa ni na yarda da haka a wani gida, shekarar da muka gudo. Wuta ta ja matar gidan, mijin ya rantse bai ce in cire ba."

Ya ce, "To, sai in nemi wani."

Masu sana'a, ku kuna yarda? Ni dai sunana ya ɓaci, ita kuma matar da wuta ta ja, hannunta bai sake motsi ba.